Wasannin bidiyo: yadda kukan ƴan wasa ke tanƙwara manyan kamfanoni

Duk wanda ke ratsa unguwannin Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa da maraice ya san ɗakunan nan da samari ke cikawa, kowa ya ƙura wa talabijin ido, ana buga ƙwallon ƙafa da yatsu ba tare da an taka fili ba. Wasu kuma a fada suke, da wayar salula a hannu. Galibin manya suna ɗaukar abin a matsayin shiriritar yara. Amma masu bin diddigin wannan kasuwa sun ƙiyasta cewa a shekarar 2023 kuɗin da aka kashe kan wasannin bidiyo a duniya sun haura dalar Amurka miliyar 180, masu yin wasannin kuma sun fi mutum miliyar 3. Sana'ar da ta kai haka ta cancanci a san yadda take tafiya, hususan abin da ke gudana tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Abin da za mu duba a yau shi ne wannan: wasan da mutum ya saya da kuɗinsa ba ya zama yadda ya saye shi. Kamfani na da ikon canza shi daga nesa a duk ranar da ya ga dama. Makamin da ya rage a hannun ɗan wasa shi ne muryarsa, kuma shekarun nan sun nuna cewa wannan murya, idan ta haɗu wuri ɗaya, tana sa manyan kamfanoni su janye maganarsu.

Mece ce sabuntawa?

A shekarun 1980 da 1990, wasa yana zuwa ne cikin kaset ko faifai. Abin da aka zuba a ciki ranar da aka fito da shi, shi ke nan har ya lalace. Idan akwai kuskure, sai a zauna da shi. Da intanet ta shiga gidaje sai al'amari ya sauya. Yanzu na'urar wasa ko kwamfuta tana magana da babbar kwamfutar kamfani, ta sauko da gyare-gyare, wani lokaci mai wasan yana barci. Wannan shi ake kira sabuntawa.

Akwai ƙaramar sabuntawa, wadda ke toshe kurakurai. Akwai kuma babba, wadda ke canza dokokin wasa, ko kamanninsa, ko hanyar biyan kuɗi. A kan babbar ne rigima ke tashi. Dalili kuwa a fili yake. Mutumin da ya yi shekara biyar yana koyon wasa har hannunsa ya faɗa, ya kuma zuba kuɗi a ciki, in aka wayi gari an canza masa dokoki, tamkar manomin da ya iske an karkatar da hanyar ruwan garkarsa ne cikin dare. Kamfani kuma yana da tasa hujjar: yana son sababbin masu saye, yana son wasan ya ci gaba da kawo riba shekara da shekaru.

Inda ƴan wasa ke kai kukansu ya bambanta da na sauran masu saye. Babbar kasuwar wasannin kwamfuta ita ce Steam, mallakar kamfanin Valve na Amurka, wadda aka buɗe a 2003. Tun 2013 duk wanda ya mallaki wasa a can yana iya jefa masa ƙuri'ar yabo ko ta suka, a kuma rubuta sakamakon a gaban wasan inda kowane mai saye zai gani. Ka ɗauka a ce a bakin kowace rumfa ta kasuwa akwai allo da ke nuna mutum nawa suka ji daɗin cinikin mai rumfar, mutum nawa kuma suka tafi da fushi. Ɗan kasuwar da allonsa ya yi baƙi ba zai yi barci ba.

Ƙwallon da ya ɓaci a rana ɗaya

Bari mu fara da wasan da samarinmu suka fi sani. Kamfanin Konami na ƙasar Japan shi ne mai wasan ƙwallon da a da ake kira PES, wanda ya yi shekara 20 yana gogayya da wasan FIFA na kamfanin EA. A 2021 Konami ya yanke shawarar ajiye tsohon suna da tsohon tsari. Ya sake gina wasan daga tushe, ya raɗa masa suna eFootball, ya ce daga yanzu kyauta za a sauke shi, a riƙa sabunta shi maimakon a sayi sabon faifai kowace shekara.

Ranar 30 ga watan Satumba 2021 aka fito da shi. Kafin rana ta faɗi hotunansa sun gama duniya: fuskokin Messi da Ronaldo sun karkace har ba a gane su, ƴan wasa na gudu hannuwa a baya, ƴan kallo kamar an yanko su daga kwali. Ƙungiyoyi tara kacal ake iya zaɓa. A kasuwar Steam, masu yabo ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba, abin da ya mai da shi wasan da ya fi kowane shan suka a wannan kasuwa a lokacin.

Kashegari Konami ya fito ya nemi gafara. Babbar sabuntawar da ya yi alkawarin kawowa a watan Nuwamba sai ya ɗage ta, ya kuma mayar da kuɗin waɗanda suka riga suka biya wani ƙunshi na musamman. Sai ranar 14 ga watan Afrilu 2022 gyaran ya iso. Wasan ya farfaɗo daga baya, musamman a wayar salula, amma darasin ya zauna: garin neman gira kamfanin ya kusa rasa ido. Masu yin wasan kullum su ne suka ga ɓarakar tun a minti na farko, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwatin sa'a da hukuncin Beljika

Rigima ta biyu a kan kuɗi ta tashi. A watan Nuwamba 2017 kamfanin EA na Amurka ya shirya fito da wasan Star Wars Battlefront II, wanda aka gina kan shahararren fim ɗin nan na yaƙin sararin samaniya. Mutum zai biya cikakken kuɗin wasa, amma a ciki sai ya tarar an kulle manyan jarumai. Waɗanda suka fara gwada shi suka lissafa cewa buɗe jarumi ɗaya kamar Darth Vader zai ci awa 40 na wasa. Mai gaggawa kuwa an buɗe masa wata ƙofa: ya sayi abin da za mu kira akwatin sa'a, wato ƙunshin da ake biya da kuɗi na gaske ba tare da an san abin da ke ciki ba. Cinikin biri a sama ke nan. Tun da kuma abin da ke fitowa daga akwatin yana ƙara wa mai shi ƙarfi, mai kuɗi zai riƙa ka da talaka ko da talakan ya fi shi gwaninta.

Da ƙorafi ya yi yawa, ma'aikatan kamfanin suka ba da amsa a dandalin Reddit, suna cewa manufarsu ita ce ɗan wasa ya ji alfahari da abin da ya samu da guminsa. Wannan amsa ta sha ƙuri'ar ƙin amincewa fiye da 600,000, adadin da babu wani rubutu da ya taɓa samu a dandalin. EA ya rage kuɗin jaruman da kashi 75 cikin ɗari. Hayaniya ba ta kwanta ba. Ana jajibirin ranar fitowar wasan, wato 16 ga watan Nuwamba, sai ya rufe sayen akwatunan gaba ɗaya, a watan Maris 2018 kuma ya sake tsarin ta yadda kuɗi ba za su ƙara sayen ƙarfi ba.

Maganar ba ta tsaya tsakanin kamfani da ƴan wasa ba, ta kai kunnen magabata. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljika ta gudanar da bincike, a watan Afrilu 2018 ta yanke cewa akwatunan sa'a da ke cikin wasu wasanni, har da FIFA 18, caca ce a idon dokar ƙasar. EA ya yi ta jayayya, amma a watan Janairu 2019 ya daina sayar da kuɗin cikin wasan FIFA a Beljika. Ya kamata iyaye su lura da wannan, domin irin waɗannan akwatuna suna nan cikin wasannin ƙwallo da na wayar salula da yaranmu ke yi.

Kamfanin da ya koma ga ƙuri'a

Akwai kamfanin da ya ɗauki darasi ta wata hanya dabam. Jagex, da ke birnin Kambirij na Ingila, ya fito da wasan RuneScape a 2001. Wasa ne da dubban mutane ke shiga lokaci guda, kowa na koyon sana'o'i irin su kamun kifi, ƙira da haƙar ma'adinai, ana ciniki, ana yaƙi. A watan Nuwamba 2012 kamfanin ya canza tsarin yaƙin wasan baki ɗaya. Tsofaffin ƴan wasa da yawa suka ce wannan ba wasansu ba ne, suka watse.

Maimakon ya toshe kunne, Jagex ya binciko ajiyarsa ya sami kwafin wasan kamar yadda yake a watan Agusta 2007. A watan Fabrairu 2013 ya tambayi masu biyan kuɗi ko suna son a dawo da shi. Mutum kusan 450,000 suka ce suna so. Aka buɗe shi da sunan Old School RuneScape, tare da wata ƙa'ida da ba a saba gani ba a wannan sana'a: ba za a ƙara sabon abu mai muhimmanci ba sai an jefa ƙuri'a, kuma sai kashi 75 cikin ɗari sun amince. A 2022 aka sauko da adadin zuwa kashi 70.

Wannan tsari yana da tsadarsa. Masu gina wasan sukan yi watanni suna aiki a kan wani abu, ƙuri'a ta ka da shi. A 2019 sun gabatar da wata sabuwar sana'a, kusan kashi biyu cikin uku suka amince, duk da haka ta faɗi tun da ba ta kai ƙa'ida ba. Sai a 2023 ƴan wasa suka yarda da sana'ar tuƙin jirgin ruwa, wadda ta shiga wasan a watan Nuwamba 2025, shekara 12 bayan buɗe shi. Tafiyar hawainiya ce. Amma sakamakon ya ba kowa mamaki: tsohon wasan da aka tono daga ajiya ya zarce sabon yawan ƴan wasa. Duk wanda ya taɓa jagorantar ƙungiyar manoma ko ta ƴan kasuwa ya san wannan gaskiya, cewa shawara tana cin lokaci, amma abin da aka yanke tare ya fi daɗewa.

Rigimar da ta shafi ƙasashenmu

Kada a ɗauka duk waɗannan al'amura na Turawa ne kaɗai. A watan Fabrairu 2024 kamfanin Sony na Japan ya fito da wasan Helldivers 2, wanda kamfanin Arrowhead na ƙasar Suwidin ya gina. Ya sami karɓuwa ƙwarai, an sayar da kwafi miliyon 12 cikin mako 12. Ranar 3 ga watan Mayu sai Sony ya sanar cewa duk mai yin wasan a kwamfuta dole ya yi rajista da tsarinsa na PlayStation Network, in ba haka ba a rufe masa ƙofa. An rubuta wannan sharaɗi tun farko, amma an jingine shi wata uku, mutane suka saya suka saba.

Ga inda gizo ke saƙa: tsarin na Sony ba ya aiki a hukumance sai a ƙasashe wajen 70, kuma galibin ƙasashen Afirka ba sa ciki. Ma'ana, an karɓi kuɗin mutumin da ba shi da hanyar cika sharaɗin sai ya yi ƙaryar ƙasar da yake zaune. Nan da nan aka janye wasan daga kasuwar Steam a ƙasashe da yankuna 177. Ƴan wasan Amurka da Turai, waɗanda rajistar ba za ta ci musu fiye da minti biyar ba, suka tsaya wa ƴan uwansu na sauran ƙasashe. Cikin kwana uku ƙuri'un suka fiye da 200,000 suka sauka kan wasan, mutane suka yi ta neman a mayar musu da kuɗinsu. Ranar 6 ga watan Mayu Sony ya janye sharaɗin. Da yawa daga masu suka suka koma suka mayar da ƙuri'arsu ta yabo.

Sai dai nasarar ba ta cika nan take ba. Waɗanda suka riga suka saya sun ci gaba da wasa, amma hana sayarwa a waɗannan ƙasashe ya zauna fiye da shekara guda, sai a 2025 aka ɗage shi a wurare da yawa. Wannan ya nuna mana matsayinmu a kasuwar. Ana jin kukan da ya fito daga inda kuɗi suke da sauri, namu kuwa sai ya biyo ta bakin wasu.

Inda kuka ke wuce iyaka

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. Taron da ke iya ƙwato haƙƙi yana iya zalunci. A 2016 wani ƙaramin kamfani na Ingila, Hello Games, mai ma'aikata da ba su kai 20 ba, yana shirya wasan No Man's Sky. Da aka ɗage ranar fitowarsa da ƴan makonni, shugaban kamfanin, Sean Murray, ya bayyana cewa an yi ta aiko masa da barazanar kisa. Da wasan ya fito a watan Agusta kuma aka tarar babu abubuwa da dama da ya yi magana a kansu, har da haɗuwa da sauran ƴan wasa. Fushin yana da tushe. Barazana da zagin iyalai kuwa ba su da wani uzuri.

Kamfanin ya yi shiru ya duƙufa kan aiki. Daga watan Nuwamba 2016 ya fara fito da manyan sabuntawa ba tare da karɓar ko dala ba, a watan Yuli 2018 ya kawo wasan haɗin gwiwa da aka yi ta jira. Sannu a hankali ƙuri'u suka juya, har a ƙarshen 2024 jimillar masu yabo a Steam ta kai kashi 80 cikin ɗari. Shekara takwas aka yi kafin a wanke tabon rana ɗaya. Abin da ya gyara wasan shi ne ƙorafin da ya faɗi takamaiman abin da ya ɓace, domin shi ma'aikaci zai iya ɗauka ya yi aiki da shi.

Wani lokaci kuma akan yi wa wasa rubdugu saboda dalilin da bai shafe shi ba, kamar siyasa ko fushi da wani ma'aikaci. Shi ya sa a watan Maris 2019 Valve ya fito da tsarin ware irin waɗannan ƙuri'u daga lissafi. Haka nan masu gina wasanni sukan tunatar cewa masu ɗaga murya ba su ne kowa da kowa ba, akwai miliyoyin da ke wasansu shiru. Ɗan wasa ya ƙware wajen gane inda ke masa ciwo, amma ba kullum maganin da ya rubuta wa kansa ke yin aiki ba.

Wa ke da wasan?

A ƙarƙashin duk waɗannan rigingimu akwai tambaya ɗaya. Sabon babban wasa a Turai yakan kai Yuro 70, wato kusan jika 46 na kuɗinmu. Wanda ya biya wannan kuɗi, me ya mallaka? A takardar da kowa ke amincewa da ita ba tare da ya karanta ba, an rubuta cewa izinin amfani kawai ya saya.

Kamfanin Ubisoft na Faransa ya nuna ma'anar wannan a aikace. Wasansa na tseren motoci, The Crew, wanda ya fito a 2014, ba ya tashi sai ya haɗu da babbar kwamfutar kamfani. Ranar 31 ga watan Maris 2024 aka kashe ta. Daga ranar, har wanda ke riƙe da faifai a hannunsa ba shi da komai sai roba. Kayan aro ba ya rufe katara. Wani Ba'amurke mai suna Ross Scott ya kafa gangamin Stop Killing Games, yana neman a tilasta wa kamfanoni su bar wasa a halin da za a iya yin sa bayan sun janye hannu. Magoya bayan gangamin a Turai suka bi hanyar da dokar Tarayyar Turai ta tanada, wadda ta ce idan ƴan ƙasa miliyon ɗaya suka sa hannu kan buƙata, wajibi ne hukumar tarayyar ta duba ta ta ba da amsa. A watan Yuli 2025 suka cika miliyon ɗin har suka wuce. Ubisoft da kansa ya yi alkawarin cewa The Crew 2 zai iya tashi ba tare da intanet ba, ya kuma cika a 2025. A jihar Kalifoniya ta Amurka, wata doka da ta fara aiki a farkon 2025 ta wajabta wa masu sayar da irin waɗannan kaya su faɗa wa mai saye a fili idan izini kawai yake saye.

To, ƴan uwa, me za mu ɗauka? Ga matasa da masu ɗakunan wasa: kada a biya kuɗin wasa kafin ya fito, a jira kwana biyu a ji abin da waɗanda suka taɓa shi suka ce. A tambaya ko yana tashi ba tare da intanet ba, domin a ƙasar da layi ke yankewa, kuɗin shiga intanet kuma ke da tsada, sabuntawa ɗaya mai nauyi tana iya tsayar da ɗakin wasa yini guda. A kuma san cewa kasuwar Steam tana mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba a yi wasan ya kai awa biyu ba. Ga iyaye: a tambayi yaro ko wasansa yana da akwatin sa'a, da kuma inda kuɗin da ake tura masa ta waya suke tafiya. Ga magabata masu kula da kasuwanci da sadarwa: abin da Beljika da Kalifoniya suka yi ya isa misali cewa kare mai saye bai tsaya kan mudu da sikeli ba, ya kai har kayan da ba a riƙewa da hannu.

Ƴan wasan da muka ba da labarinsu ba su da ofis, ba su da shugaba. Abin da suke da shi shi ne sanin abin da suka saya, da haɗa baki, da faɗin kukansu a wurin da mai sayarwa ba zai iya kau da kai ba. Duk mai saye, ko na wasa ko na takin zamani, yana da abin koyi a nan.